Gishirin da Harshe Ba Ya Ji

4 ga Maris

Zuwa ga ɗana Mai Kwalabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman kaɗaici a wannan wurin naku da ba a zuwa sai da dalili? Mu nan lafiya lau muke, in ban da gwiwata da ta sa ni gaba, da tarin maigida, Babanku, da ya ƙi tafiya.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata, don tun rasuwar mahaifinka ban rubuto ba. Ni da shi 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma shekara huɗun da ka yi a ɗakin ƙofar gidan nan kana makaranta ta mai da kai ɗan gida. Saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Aku ce ba lafiya. Ba ka san ta ba, jikata ce, 'yar ɗana Yayanka, shekararta uku da 'yan watanni. Mun sa mata wannan suna ne don bakinta ba ya hutawa, duk abin da aka faɗa sai ta maimaita, har zagin da kakanta yake yi wa batir in ya ƙi ɗaukar caji. Wata biyu ke nan tana fama da ciwon ciki, ba ta cin abinci, sai fushi da kuka. Ta sha maganin tsutsa sau biyu, ba a ga komai ba. Ubanta yana can wurin aikinsa, sai ƙarshen wata muke ganinsa.

Uwarta ta kafe a kan ruwan rijiyarmu ne. Ta ce tun da Babanku ya fara fasa tsofaffin batura a shagonsa na bayan gida, ruwan wanke-wankensa yake bin gindin katanga ya nutse kusa da rijiya. Shi kuwa ya ce shekara ashirin da biyu yana sana'arsa a wurin, kai ma wannan ruwan ka sha har ka zama mutum. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice. Cikin gida shida da suke ɗiba a wurinmu biyu sun daina, har da maƙwabciyarmu mai wanki da muka yi shekaru muna raba sirri.

Ga kwalba nan na ba direban da ke kai muku kaya. Na wanke ta sosai kafin in cika. Ka duba mana da na'urorin nan naku. Abu biyu nake son sani: ko akwai cuta a ciki, ko kuma ruwan batir ya shiga. Ka gaya mini gaskiya in san inda zan sa kaina, na gaji da zama tsakanin miji da suruka.

Taka,
Gwaggo

19 ga Maris

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki da kwalbar, ko ɗigo bai zube ba. Na ji daɗin ganin rubutunki, ashe har yanzu kina danna biro kamar za ki huda takarda. Ina yi wa Baba sannu da jiki, ke ma Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, ya ba Aku lafiya. Ni ƙalau nake, aiki ne dai ya yi yawa. Masana'antarmu lemon kwalba take yi, duk bayan awa biyu sai mun auna ruwa, ga shi mu uku ne kacal a ɗakin gwaji.

Ga abin da na samu.

Na ajiye ruwan kwana biyu a inda ƙwayoyin cuta suke tsirowa in akwai su. Ba abin da ya tsiro. Ta wannan fannin yana da tsabta.

Na auna shi, ba asid ba ne irin na ruwan batir. Awonsa tsaka-tsaki yake, kusan daidai da wanda muke aiki da shi a nan.

Sai dai gwajin launi ya nuna akwai gishirin ƙarafa masu nauyi narke a ciki, da alama fiye da kima. Na'urar da za ta faɗi ko wane ne da kuma yawansa ta lalace, muna jiran mai gyara. Na adana sauran ruwan. Kafin nan dai a yi hattara da shi.

An zaɓe ni zuwa kwas na mako shida, jibi zan tafi, shi ya sa na taƙaita. In na dawo zan ƙarasa aikin in rubuto. A gaida Yaya in ya zo, da matarsa duk da ba mu saba ba.

Ɗanki

2 ga Afrilu

Zuwa ga Mai Kwalabe,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa wurin karatunka lafiya. Muna lafiya, tarin Babanku ma ya lafa. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mana. Ka cire mini ƙaya.

Da takardarka ta zo ban karanta ni kaɗai ba. Na kira Babanku daga shago, na kira uwar Aku, na aika a kira mai wanki, na tsaya a tsakar gida na karanta da ƙarfi. Da na zo wurin da ka ce yana da tsabta, ba asid ba ne, sai Babanku ya juya ya dubi surukarsa.

Da na zo wurin gishiri ya ce, "Gishiri? Miƙo mini kofi." Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye. Ya ce, "In da gishiri a nan, to ni harshena ya mutu." Na ɗanɗana, mai wanki ta ɗanɗana, ba wanda ya ji komai. Muka ce ƙila ɗan kaɗan ne, irin wanda na'ura kaɗai take ji. Ko da ma akwai, wa gishiri ya taɓa kashewa a rijiya?

Uwar Aku ta ce, "To ƙarafan da ya ce sun narke fa?" Babanku ya ce, "A tukunyar ƙarfe nake narka kayana, a kan wuta, can ƙarshen shago. Kin taɓa ganin na juye narkakken ƙarfe a rijiya? Kuma yaron nan cewa ya yi masu nauyi. Abu mai nauyi a ƙasa yake kwanciya, ba ya yawo a sama." Da yamma ta je har ƙofar shago ta ba shi haƙuri. Wallahi sai da na tausaya mata.

Hattarar da ka ce a yi, ina yi. Na rage igiyar guga don kada ya riƙa kaiwa ƙasa. In an ɗebo sai ya zauna a randa ya kwanta, mu tsiyaye na sama. Na Aku kuwa tafasa shi nake yi sosai, ba na saukewa sai tukunya ta ragu da kusan rabi. Da hannuna nake ba ta.

Maƙwabta duk sun dawo, har da wasu gida uku na bayan layi da suka ji an auna ruwanmu a masana'anta. Mai wanki ita ce mai shelar. Ka zama abin alfaharina a unguwa.

Jikin Aku ne dai har yanzu. Ta fara amai, kuma tana yawan tuntuɓe ko ba abin da ta taka. Tunda ba ruwa ba ne, za mu nemi wani dalilin. Ka sa ta a addu'a.

Taka,
Gwaggo

21 ga Mayu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, maganar ta gaggawa ce.

Kwas ɗin ya zarce, sai jiya na dawo. Na tarar da takardarki a cikin tire a kan teburina, ta yi mako bakwai tana jirana. Ina gama karantawa na ɗauko sauran ruwanku na sa a na'ura, an gyara ta tun ina can.

Ku daina shan ruwan nan yau. Kada a yi girki da shi, kada a ba kowa. Dalma ce a ciki, ta ninka abin da aka yarda a sha sau da yawa. A kai Aku babban asibiti a ce a auna dalma a jininta, a gaya musu sana'ar Baba.

Gwaggo, ba gishirin miya nake nufi ba. A aikinmu, in asid ya ci ƙarfe, abin da ya fito shi muke kira gishiri. Akwai ɗaruruwansu, na girki ɗaya ne kawai a ciki. Wasu ba su da ɗanɗano ko kaɗan, wasu guba ne. Ruwan batir yana cin dalmar da ke cikin batirin, ya kwaso ta ya shiga ƙasa da ita. Ƙasa tana kashe kaifin asid ɗin, shi ya sa ban same shi ba, amma ba ta kashe dalmar.

Narkewar da na ce ba ta wuta ba ce. Irin ta sukari a shayi ce: ya bi ko'ina, ba a ganinsa, ba ya kwanciya a ƙasa. "Masu nauyi" suna ne kawai da muke kiran wannan dangin ƙarafa da shi. Na saman rijiya da na ƙasa duk ɗaya ne.

Tafasawa kuma, don Allah ki daina. Wuta ƙwayoyin cuta take kashewa, dalma ba rai gare ta ba. Ruwan ne yake tashi ya bar ta. In tukunya ta ragu da rabi, abin da ke cikin kowane kofi ya ninka.

Na roƙi direba ya fara biyawa ta wurinku kafin ya kai kayansa. Ki aiko mini da amsa ta hannunsa ko layi ɗaya ne.

Ɗanki

6 ga Yuni

Zuwa gare ka,

Wa alaikumus salam. Ka tambayi lafiyarmu, to muna raye. Direba ya jira amsa, na ce ya tafi, don ranar ba ni da abin da zan rubuta da zai dace da musulmi ya karanta.

Takardarka a asibiti ta same ni, a kan benci a ƙofar ɗakin yara. Ta makara da kwana goma sha huɗu.

Ranar tara ga Mayu da hantsi Aku tana zaune kusa da ni ina tsince shinkafa. Sai na ji kwano ya faɗi. Na juya na gan ta a ƙasa, idonta ya juye, jikinta yana fizga. Uwarta ta fito daga wanka da kumfa a kanta, a haka muka fita titi neman mota. Kwana uku ba su san abin da ke damunta ba. A rana ta huɗu wata likita, yarinya ce ƙarama, ta zauna kusa da ni ta ce, "Mama, me maigidanki yake yi?" Na gaya mata. Ba ta ƙara tambaya ba, ta tashi da sauri.

Aku ta farfaɗo. Tana buɗe ido, tana haɗiye abin da aka ba ta. Ba ta magana. Yau kwana ashirin da takwas ba ta ce Kaka ba, ba ta ce ruwa ba. Na tambayi likitar ko bakin zai dawo. Ta ce suna ba ta maganin da ke fitar da dalmar, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ta da alkawari a kansa. Ka ga ita ta iya magana yadda tsohuwa za ta gane.

Ma'aikatan lafiya sun zo sun rufe shagon Babanku, sun sa wa rijiya kwaɗo, sun kwashi ƙasar tsakar gida a leda. Sun auna yaran layinmu, biyar suna da ita a jini, biyu a ciki jikokin mai wanki ne. Ta tare ni a bakin famfon titi, gaban mutane, ta ce, "Mun daina sha, ke kika kira ni kika karanta mini takarda." Kuma ba ƙarya ta yi ba.

Yanzu ka aiko mini da darasi. Gishiri ɗaruruwa ne, narkewa iri biyu ce, nauyi suna ne kawai. Sannu da ilimi. Shekara arba'in ina girki, na san abu ɗaya da ake kira gishiri, kuma ka san shi kaɗai na sani, don a kwanona ka ci shi shekara huɗu. Da wa kake magana a takardar farko? Da abokan aikinka ko da ni? Kun ɗauki kalmomin da muke amfani da su a kicin, kun shiga da su ɗakinku mai sanyi kun canza musu ciki, sannan ka miƙo mini ba tare da ka ce an canza ba. Da ka rubuta wani dogon sunan da ban iya karantawa ba, da na tsorata na tambaya. Amma ka ce tsabta, ka ce gishiri.

Layin tafasawa na karanta shi sau ɗaya, ban iya komawa kansa ba. Mako bakwai ina tsaye a gaban murhu ina jira tukunya ta ragu, ina hura mata ya huce.

Uwarta ba ta zage ni ba. In na shiga ɗakin sai ta tashi ta fita, in na fito ta koma. Babanku yana zaune a ƙofar shago kullum, ya jingina da ƙyauren da aka rufe.

Gwaggonka

20 ga Yuni

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba, ina yi wa Yaya da matarsa jaje. Allah ya tashi kafaɗar Aku da sauran yaran. Ni jikina lafiya.

Sau uku ina fara wannan takarda. A ta farko na kare kaina. Na ce ai na rubuta "fiye da kima", na rubuta "a yi hattara", na ce aikin bai ƙare ba. Na ce ba ni na raɗa wa abubuwan nan suna ba, haka aka koya mana, haka yake a kowane littafi, kuma ba don a ruɗa kowa aka yi ba. Wanda ya fara kiran su gishiri ya ga suna fitowa fari-fari kamar na girki ne. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba ita ce gaskiyar da kika nema tun farko ba, kuma in na aiko miki da ita na sake yi miki abin da na yi.

Ga yadda aka yi. Ranar da na ɗiga maganin gwaji a ruwanku, ya rine ya yi duhu a gabana. Na san sana'ar Baba, kin kuma rubuta cewa yana fasa batura. Ba na buƙatar na'ura kafin in yi zargin dalma ce. Ɗalibin shekarar farko ma zai yi wannan zargin.

Na rubuta. Takardar da na fara yi miki ta ce: ina kyautata zaton dalma ce daga shagon Baba, guba ce, ku daina sha har in tabbatar. Na karanta ta, sai na hango ki tsaye a tsakar gida kina karantawa da ƙarfi, don na san halinki. Na hango fuskar Baba, mutumin da yake ɗaukata a bayan kekensa ya kai ni makaranta in an yi ruwa. Na ce a raina, in na yi kuskure fa? In na rufe masa sana'a a kan gwajin launi kawai, in bar shi da kunya gaban surukarsa? Sai na yaga ta. Na sake rubutawa da yaren ɗakin gwaji, yadda ba wanda zai ce na yi ƙarya, ba kuma wanda zai ce na zargi Baba. Na gaya wa kaina za ku gane. Na shiga mota na tafi kwas, kuma in gaya miki gaskiya, a can na yi kwanaki ban tuna ba.

Saboda haka ba rashin saninki ba ne, ba kuma laifin kalmomin ba ne. Ni na ɓuya a bayansu.

Na nemi hutu, an ba ni mako guda a wata mai zuwa. In kin yarda zan zo in faɗi wannan a gaban Baba da Yaya da matarsa.

Ɗanki

3 ga Yuli

Zuwa gare ka,

Wa alaikumus salam. Muna nan. An sallamo Aku, za a riƙa kai ta duk mako. Ta fara tafiya in an riƙe mata hannu. Bakin shiru.

Na karanta takardarka. Wata guda ina kwana ina tashi da tunanin jahilcina ne ya jawo, ina cewa da na yi karatu mai zurfi da na gane. Yanzu ka sauke mini wannan ka ɗora mini wani. Ban san wanne ya fi nauyi ba. Ka ji kunyar Babanku, to ga shi nan, dubi abin da kunyarka ta bar masa. Da ka faɗa a watan Maris, da ya yi fushi da kai shekara guda, ya huce. Yanzu ba ya iya haɗa ido da ɗansa.

Kada ka zo. Ba na son a taru a yi kuka a yafe wa juna a tashi. Aiki zan ba ka.

Ma'aikatan lafiya sun raba wata takarda a unguwa, da irin yarenku. Ba wanda ya gane ta. Har yanzu akwai masu cewa ai an auna ruwan a masana'anta an ce mai tsabta ne, hukuma ce kawai take son korar mai batir. Wasu sun ƙi kai yaransu awon jini. Wata ta ce mini ta tace nata da ƙyalle, ta ga ba komai.

Ka rubuta mini shafi ɗaya. Kada ka sa kalmar da mai wanki za ta tsaya ta tambayi ma'anarta. Ka faɗi abin da ke cikin ruwan, da abin da za a yi. Ka kuma faɗi cewa kai ka rubuta ta farko, kuma ka san abin da ka ɓoye. Ni na karanta musu waccan, ni zan karanta musu wannan.

Gwaggonka

12 ga Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka da mai jiki. Ga shi.

Zuwa ga mutanen da suka sha ruwan rijiyar gidan mai batir.

Ruwan nan akwai guba a ciki, gubar dalma. Ba a ganinta, ba ta wari, ba ta da ɗanɗano. Tacewa da ƙyalle ba ta cire ta. Barin ruwan ya kwanta ba ya cire ta. Tafasawa ƙara mata ƙarfi take yi. Tana kuma cikin ƙasa da ƙurar da ke kusa da shagon, kada yara su yi wasa a wurin, a riƙa wanke musu hannu kafin su ci abinci.

Ta fi cutar da ƙananan yara da masu ciki. Yaro zai iya ɗauke da ita yana wasansa ba a sani ba. Duk wanda ya sha, a kai shi a auna jininsa ko da lafiyarsa ƙalau. In an gano da wuri akwai abin da likita zai yi.

Ni ne na auna ruwan a watan Maris. Tun ranar na yi zargin gubar ce, amma na ji nauyin faɗa, na rubuta yadda ba za a gane ba. Matar da ta karanta muku ba ta ɓoye muku komai ba, abin da na rubuta ta karanta. Laifin nawa ne.

Na sa hannu a ƙasa, da sunan wurin aikina, don duk mai son ya kai ƙarata ya san inda zai same ni.

Ɗanki

30 ga Yuli

Zuwa gare ka,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya gwargwado. Gwiwar ta kumbura saboda yawo, amma za ta sauka.

Gida goma sha ɗaya na shiga da takardarka, kwana uku na yi. A gida tara an saurare ni har ƙarshe. A ɗaya maigidan ya ce in fita tun ban gama layin farko ba. Mai wanki ba ta ba ni wurin zama ba, a tsaye na karanta mata tana matse kaya. Da na gama ta ce, "Sake karanta wurin masu ciki." 'Yarta ta biyu tana da wata biyar. Washegari na gan su sun shiga motar asibiti. An ƙara auna yara takwas, an samu uku.

Babanku ne ƙarshen wanda na karanta wa. Ya saurara har wurin sa hannunka, sannan ya ce, "Yaron nan ya daina ɗaukar abin da ba nasa ba. Shi ya fasa baturan?" Maganar da ya yi ke nan mafi tsawo tun watan Mayu. Na gaya maka ne don ka sani, ba don na yarda da shi duka ba.

Yayanka ya samu ɗaki kusa da wurin aikinsa. Ranar Asabar ya zo da mota ya kwashi matarsa da Aku. Likita ma ta ce gara a nisanta ta da ƙasar gidan nan. Uwarta ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ya kamata, ba ta rage komai ba, ba ta kuma ɗago ido ba. Na miƙa wa Aku ruwan leda da na saya don hanya. Uwar ta karɓa ta ce na gode, ta ajiye shi a kan dakalin ƙofa. Yana nan har suka tafi.

Ranar Talata aka cike rijiya. Ma'aikata sun ce za su turo masu yi, Babanku ya ce a'a. Shi ya kwaɓa simintin da hannunsa, ya shafe bakinta, ya zauna yana korar kaji har ya bushe.

Na san kana son sanin ko zan yafe maka. Ban sani ba tukuna, kuma ba zan rubuta maka abin da za ka karanta ka ɗauka wani abu nake nufi ba. In na kai inda zan iya ganinka in ba ka ruwa in zauna kusa da kai, zan aiko. Kafin nan kada ka zo, kada kuma ka daina rubutowa.

Gwaggonka